Yadda Na Je Kumasi Ɗauko Haliru Na Dawo Ba Shi

Tun ranar da na sauko daga mota a Tambuwal ban huta ba. Mace za ta shigo wai ta zo sayen allura, ta baje a tabarmata ta ce, "Kulu, yaya Kumasi?" Allurar ba ta saya ba, gorona ta cinye. To, yau zan faɗa gaba ɗaya, wadda ba ta nan ku ba ta labari, don bakina ya gaji. Wadda kuma ke yawo da cewa an aike ni ɗauko yaro na dawo da hoto, ta matso kusa, da ita nika.

Kun san Yaya Bube na Kebbe, wanda nika bi. Tun muna yara shi ne mai duban wata a garin. Ran ashirin da tara ga wata, kafin magariba, zai hau tudun da ke yamma da rijiyar shanu ya karkace kai ya zuba wa sama ido. In akwai hadari mutane su ce, "Malam, mu koma, yau babu." Shi kuwa ya ce, "Shina nan. Lissafi ya ce shina nan, ido ne bai kai ba." Amma ko za a yanka shi ba ya cewa ya gani in bai gani ba. Akwai shekarar da azumi ya faɗo cikin bazara, kowa ya galabaita, dattawa sunka kewaye shi suna lallashi ya ce ya ga ɗan ƙyalli. Ya ce bai gani ba. Gari ya ƙara azumi ɗaya, har matarsa ta yi fushi da shi.

Ɗansa na fari shi ne Haliru, wanda boko ya ɗauka daga Sakkwato zuwa Zariya, daga can har wata babbar makaranta a Kumasi. Da kaka ta yi, shekarun nan na bayan samun mulkin kai, sai labari ya iso cewa yaron ya gama, amma maimakon ya dawo ya kama aiki a Jihar Arewa kamar 'ya'yan mutane, wai zai shiga jirgin ruwa zuwa Turai neman ilmin haske. Yaya ya aiko a kira ni.

Na tarad da shi a zaure. Na miƙa mishi goro, ya kai hannu gefen goron. A nan na gane yana ta fara rufe mishi ido.

Ya ce, "Kulu, ke ce gwaggo. Ki tafi ki taho da yaron nan." Kun san ba ya kama sunansa, ɗan fari ne. "Amma zancen idona ya tsaya nan. Ban son a dawo mini don tausayi."

Na ce, "To don mi za a dawo maka?"

Ya shiga gyaran bakin rawani. Ni kuwa na san amsar. Yana son ya ga fuskar ɗansa tun idon na iya gani, kunya ce ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Na ɗaure ƙullin hajata, madubai da tocila da zobba, don ba ni zuwa ƙasar mutane hannu biyu. Na haɗa da kilishi da dakkuwa na lallashin yaro. A Jega na sami motar fataken goro, direbanta wani Bakabe ne, Ɗanjimma, mai baki kamar nawa. Tun kafin mu bar gari munka fara. Ya ce tsohuwa ta zauna baya kan buhuna, na ce tsohuwar ta girmi motarsa kuma ta fi ta lafiya. A gaba na zauna.

Bayan Kamba munka shiga ƙasar Faransa, ko da yake an ce su ma sun karɓi mulkinsu. Abin da ya fara tayar mini da hankali, muna wuce iyaka Ɗanjimma ya karkatar da mota ya bar hannun hagu da munka saba, ya koma hannun dama. Na hango wata mota tafe, na cafki sitiyari ina salati, na ce wannan Bakabe zai kashe mu. Da ƙyar ya ɓamɓare hannuna. Ashe su can haka suke tafiya, kowa a hannun da bai dace ba, kuma da yake duk sun yi kuskuren tare ba a yin karo.

A bakin gadar Gaya wani jandarma, ɗan sandansu na can, ya ce in kawo takardar lamba, shaidar an yi mini rigakafin agana. Na ce ba ni da takarda, amma ga lambar. Na zare mayafi na tura mishi damtse har hanci. Na ce, "Ɗana, takarda ana sayen ta, wannan kuwa da kuka na same ta." Ya dubi tabon, ya dubi abokinsa, sunka yi yarensu na hanci, ya ɗaga mini hannu in wuce. Sai dai ya buɗe ƙullina ya ɗauki madubi ɗaya, ya daɗe yana gyaran gashin baki, ya manta bai maido ba.

A Dahomi na ga burodi mai tsawon sandar makiyayi, kuma taurinsu ɗaya. Mutane na tafe da shi a hammata ba ko kunya. Na saya na jiƙa a ruwa, har munka kai Kandi bai yi laushi ba, ƙarshe da shi na riƙa zungurar Ɗanjimma in ya fara gyangyaɗi. A Zugu munka kwana gidan wata Bazabarma mai tuwon sayarwa. Ta ba ni ɗaki tare da zabinta, ta ce ba su da fitina. Ƙarya take.

Munka ratsa Togo, munka shiga Gana, mota ta koma hannun mutanen kirki. A wani babban kogi anka ɗora motar ɗungurungum kan wani faffaɗan jirgi, da mu da kayanmu. Ban buɗe ido ba sai da munka taka ƙasa. Daga nan itatuwa sunka fara tsawo, rana ta ɓace, ko'ina ɗanye sharaf. Na ce wa Ɗanjimma, mutanen nan ina suke shanya gero? Ya ce ba su da shi. Na ji tausayinsu ƙwarai.

A zangon Kumasi na sauka gidan wani mai masaukin fatake, Alhaji Ɗantani, wanda kakansa ya zo daga wajen Jabo da jakai bai koma ba. Hausarsu ta can ta sha ruwa, amma ana ganewa. Matarsa ta kawo mini fufu na rogo da ayaba. Na kai loma ina tauna, yara sunka fashe da dariya, wai ba a taunawa, haɗiyewa ake. Na ce Allah bai ba ni haƙora don ado ba. Na sa ludayi cikin miya na ɗago wani abu baƙi mai kama da kunnen tsohon takalmi. Na tambaya, anka ce dodon koɗi ne, maƙwabciya ce Ba'asantiya ta aiko don girmama baƙuwa. Na mayar da shi a hankali, na ce a gaya mata na gode, ina azumin nafila.

Kashegari da hantsi na fita neman makarantar. A hanya na tarad da taro, ana kiɗa, ana rawa, mata sun sha jan zane da baƙi, ga manya zaune ƙarƙashin laima ana bi ana gaishe su. Raina ya yi fari. Na ce bari in nuna musu yadda ake biki a Sakkwato. Na kutsa tsakiya, na toshe hanci na rangaɗa guɗa mai kyau, na ce, "Ina amarya?" Kiɗa ya tsaya. Wani mai jin Hausa ya jawo ni gefe ya ce, "Inna, makoki ne." Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Amma 'yar mamacin ta riƙe hannuna tana dariya da hawaye, ta sa anka gaya mini tsohonsu mai son hayaniya ne, in ƙara ɗaya. Na ƙara.

Shi mai jin Hausar nan ne ya raka ni makarantar. A hanya na gaya mishi ni gwaggo ce, na zo tafiya da ɗan wana. Ya ce ai a ƙasar Asante ɗa na dangin uwa ne, kawu ke da iko da shi, gwaggo sai dai a gaishe ta. Na ce Allah ya kiyaye Haliru bai ji wannan karatun ba.

Na same shi ya rame, wuya kamar na zalɓe, ga wando ɗamamme. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, na ji daɗi, sai dai Hausarsa ta koma irin ta rediyo. Na ba shi kilishi, na jira ya cika baki, sannan na fara. Na ce ana neman malamai a Sakkwato, da gida da keke. Na ce ƙannensa sun yi aure sun bar shi. Na ce ni gwaggo ce, kuma ba gwaggon Asante ba. Ya ce jirginsu ya kusa tashi, in ya bi ni gida gurbin karatun da anka ba shi ya wuce shi har abada. Na ce to wane irin haske ne wannan da babu shi a Kebbe, mu da rana ke gasa mu kamar tsire?

Ya ce, "Gwaggo, zo ki gani."

Ya kai ni wani ɗaki, ya rufe tagogi da rana tsaka, ya ari tocila biyu cikin hajata. Ya kaɗa tsumman goge allo, garin alli ya tashi, ya kunna. Sai ga haske biyu miƙe kamar sanduna. Ya gicciya su, ɗaya ya ratsa ɗaya, kowane ya je ya faɗi a bangonsa.

Ya ce, "Me kika gani?"

Na ce, "Na ga ba su ko gaisa ba. Kamar ma'aikatan En'e biyu a ofishin hukumar sarki masu jiran kujera ɗaya."

Ya yi dariya ya ce haka malaman farko sunka koyar, haske ba ya sanin ɗan'uwansa. Ya ce shi ya sa a kasuwar Tambuwal nike ganin mai saye yana ganina, hasken fuskata da na tasa suna ratsa juna a tsakani ba su cakuɗe ba. Da suna karo, da duniya duk ta zama kunu. Na ce to madalla, an gama, ɗauko akwatinka.

Ya ce ba a gama ba. Wai daga baya wasu masana sun sake lissafin, sun ce wancan zancen na haske mai rauni ne, irin na tocila da na rana. In haske ya yi ƙarfi ƙwarai, sararin da muke cewa ba komai a cikinsa shi ma yana amsawa, sai wannan haske ya ji wancan, ya ɗan kauce daga hanyarsa. Wasu sun ce dalili shi ne ƙarfin yana da iyakar da ba ya wucewa, wasu sun ce sararin ne cike da 'yan abubuwa masu ɓullowa su ɓace kafin ƙiftawar ido. Kuma wai kwanan nan an ƙera wata fitila mai fid da haske siriri ja kamar zare, wadda ta fi duk fitilun da anka sani ƙarfi, shi ya sa masu wannan ilmi sunka fara sa rai.

Na ce, "To a haɗa biyu a gani mana."

Ya ce, "Ba su kai ba tukuna. Da sauran nisa ƙwarai."

"Wa ya taɓa gani?"

"Ba kowa."

"Kai za ka gani?"

"Wataƙila in mutu ban gani ba, Gwaggo."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ratso ƙasa fuɗu, na kwana da zabi, na yi guɗa a makoki, ashe saboda gaisuwar da ba wanda ya taɓa ji. Kun san bakina in ya buɗe ba ya jiran izinina. Na ce, "Kai kana nan kana jiran haske ya gai da haske, ubanka na can hasken nasa na ƙarewa. Goro na miƙa mishi ya kama iska."

Ina faɗa na so in maido, ba hali. Yaron ya kashe tocilan ya miƙo mini, ya buɗe tagogi, munka koma ɗakinsa. Ya jawo akwatin ƙarfe ya shiga ninke kaya. Littattafan kuwa ya tara su gefe, ya ce zai bar wa wani abokinsa. Aikina ya yi kyau ke nan, na ci nasara, amma nasarar ba ta yi mini daɗi ba.

Don in kashe shirun na ce, "Ai ka huta. Dama abin da ba a gani ba, wa ya san ko akwai shi."

Yana durƙushe gaban akwati, ya ɗago ya karkace kai, ya dubi taga. Hausar rediyon ta gudu, ya ce, "Shina nan, Gwaggo. Lissafi ya ce shina nan, ido ne bai kai ba."

Wuyan nan, karkacewar nan, muryar nan, Yaya Bube ne a kan tudu. Na ce a raina, Kulu, in kin kai wannan gida kin kai gangar jiki, zai zauna yana koya wa yara ƙidaya yana duban taga har ya tsufa. Kuma uban ya ce ba ya son a dawo mishi don tausayi, ga shi tausayin ne kaɗai ke ninke kayan nan.

Na tashi na rufe akwatin, na zauna a kai. Kun san ni ba ƙarama ba ce.

Ya ce, "Gwaggo, tashi in gama."

Na ce, "Ba ni tashi. Ni anka aiko, ni zan koma. Kai jirgi za ka shiga."

Munka yi ta yi har la'asar. Ya yi kuka, na yi, na zage shi, na ce in ya biyo ni sai na haɗa shi da jandarman Gaya. Da ya ce ba zai iya ba, na ce ai ba shawara nika ba shi ba, umurnin gwaggo ne, in kuwa ya zama Ba'asante ya gaya mini. Ƙarshe na tasa shi gaba zuwa shagon mai hoto, na sa ya cire wandon nan ya sa riga da hula. Mai hoton ya ce ya yi murmushi, ya kasa.

Komowa ba ni da abin faɗi. Ɗanjimma ya yi ta tsokanata ban tanka ba, har ya tambaya ko ba ni da lafiya. Tsoro nika ji. Tun da anka haife ni ban taɓa saɓa wa Yaya ba, kuma na san abin da na hana shi ba ƙarami ba ne.

Na isa Kebbe da yamma, ashe ran duban wata ne. Anka ce Malam ya tafi tudu. Na bi shi can na same shi tsaye da sanda, ga makiyaya sun kawo shanu rijiya sun tsaya suna jira, don har yanzu ba su yarda da idon kowa ba sai ya sa baki. Ya ji takuna ya ce, "Kulu, takun mutum ɗaya nika ji."

Na durƙusa na faɗi komai. Na ce na karya maganarsa na faɗi zancen ido, yaron ya haɗa kaya, ni na zauna kan akwatin. Na ba shi labarin tocila biyu da garin alli, da hasken da aka ce yana jin ɗan'uwansa amma ba wanda ya gani. Na faɗa mishi abin da yaron ya ce gaban akwati, kalma da kalma. Na miƙa hoton, na sa mishi a tafin hannu.

Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya juya shi wajen sauran hasken yamma. Wani dattijon makiyayi ya leƙa ya ce, "Kai, Malam, ga shi nan kamar ka yi kaki. Ka gan shi ko?"

Ni ma na sa baki, don zuciyata ta karye. Na ce, "Ka gan shi ai, Yaya. Ga hular nan."

Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ban gan shi ba."

Ya sa hoton a aljihun gaba ya dafe da hannu. Can wani ya nuna sama ya ce wata ya tsaya, mutane sunka ɗauki salati. Yaya ya tambaye shi ta ina, bisa wace itaciya, ƙahonsa ina ya dosa, sai da amsa ta gamshe shi ya ce a tafi a shaida wa liman. Na kama mishi sanda munka gangaro. Sai da munka kusa gida ya tsaya.

Ya ce, "Kulu, in za a aika wa yaron nan, a gaya mishi ya tsaya nan inda shike, ya yi ta dubawa." Ya sake dafe aljihun. "Amma ko duniya za ta taru a kansa, kada ya ce ya gani in bai gani ba."